Yadda za ka tabbatar da sinθ/(1 + cosθ) = (1 − cosθ)/sinθ

Ƙanena, ka ce kana shirin WAEC a Gombe, kuma wannan tambayar ta tsaya maka a wuya. To, kada ka riƙa jan ɓangarorin biyu lokaci guda, nan ne ɗalibai ke zubar da maki. Kama ɓangare ɗaya, ka yi ta sarrafa shi har ya zama ɗaya ɓangaren.

Makaminka shi ne sin²θ + cos²θ = 1, wanda ya fito daga dokar Pitagoras. Dubi magini a Pantami yana daidaita kusurwar ɗaki da igiya: 3, 4, 5. A wannan alwatika, in θ ita ce kusurwar da ke fuskantar gefe mai tsawon 3, sin zai zama 3/5, cos kuma 4/5, sannan 9/25 da 16/25 su haɗu su ba da 1 cif.

Yanzu ɗauki na hagu. Ninka sama da ƙasa da (1 − cosθ). Ƙasa zai koma 1 − cos²θ, wato sin²θ ke nan. Sai ka samu sinθ(1 − cosθ)/sin²θ. Soke sinθ guda a sama da ƙasa, abin da ya rage shi ne (1 − cosθ)/sinθ. Shi ke nan. Ni dai wannan dabarar na fi so a koya wa ɗalibai da wuri, domin duk inda ka ga 1 + cosθ a ƙasa, tana aiki.

In kana shakka, gwada 60°, duka ɓangarorin za su ba ka 1/√3. Amma gwaji ba hujja ba ne, kada ka miƙa shi a matsayin amsa. Ka kuma rubuta cewa sinθ ba sifili ba ne, don haka ban da 0°, 180°, 360° da ire-irensu.