Amsa ga mai tambaya kan wasan Prudencia Hart

Malama, kin ce kin sayi littafin The Strange Undoing of Prudencia Hart na David Greig saboda malaminku ya yabe shi, kin karanta ƙasa da rabi kin ajiye, kina tambaya ko sai wanda ya kalli wasan ne zai ji daɗinsa. Ni da kallon na fara lokacin da nake karatu a Sikotland, littafin ya biyo baya, to bari in gaya miki yadda na same su.

Ba a rubuta wasan nan don dandamali mai labule ba. Kamfanin wasan kwaikwayo na ƙasar Sikotland, wanda ya fara aiki a 2006 kuma ba shi da ginin kallo nasa na kansa, shi ya fito da shi a 2011, Wils Wilson ta ba da umarni. A mashaya da zaurukan taron ƙauye aka riƙa yin sa. Na yi ta jan ƙafa kafin in je saboda wurin, ƙarshe dai na samu kujera a gefe da lemona. 'Yan wasa biyar ne kacal, su ne makaɗan, su ne mawaƙan, suna ratsa tsakanin teburan 'yan kallo, wani ma ya haye kan tebur. Tun kafin a fara aka sa mu yayyaga takardun goge hannu, da aka zo wurin da dusar ƙanƙara ta rufe hanya sai kowa ya watsa nasa sama. Dattawa masu furfura suna ta wasa da takarda kamar yara. Wannan kam babu littafin da zai ba ki shi.

Amma ina zargin abin da ya hana ki jin daɗin karatun daban ne: da ido kike karantawa. Yawancin wasan waƙa ce ƙwar biyu, kowane ɗango biyu da amsa-amonsu, kuma da gangan Greig yake janyo wani amsa-amon da ƙarfin tsiya don a yi dariya. A takarda sai ki ɗauka marubucin ne ya gaza. A bakin ɗan wasa kuwa, ya ɗan dakata, ya bar ku kuna hasashen kalmar da za ta zo, sannan ya jefo wadda ba ku zata ba. Mu da muka taso muna jin ana rera rubutacciyar waƙa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ki ɗauki waƙar da kika saba ji ana rerawa ki karanta ta shiru, ai kin san rabin armashinta ya tafi.

Ga kuma tushen labarin, wanda in ba ki san shi ba za ki yi ta wuce barkwanci ba ki lura ba. Prudencia malamar jami'a ce mai nazarin tsofaffin waƙoƙin labari na kan iyakar Sikotland da Ingila, irin waɗanda marubucin Sikotland Walter Scott ya tattara ya fara bugawa a 1802. Ta je taron ƙara wa juna sani a garin Kelso a tsakiyar hunturu, abokan aikinta suna yi mata kallon 'yar gargajiya, musamman Colin Syme da ya fi ganin darajar waƙoƙin 'yan kallon ƙwallo. Ƙanƙara ta tsare su, ta fita neman masauki cikin dare, ashe mai masaukin Shaiɗan ne. Wato mai nazarin waƙoƙin ta faɗa cikin ɗaya daga cikinsu. Ki nemi waƙar Tam Lin, ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin nan, ki karanta tukuna, ba ta da tsawo. A can mace ce ta riƙe namiji gam har ta ƙwato shi daga hannun sarauniyar aljanu. In kin san wannan, za ki ga yadda Greig ya juya abin a ƙarshen wasansa.

Inda littafin ya fi kallo, a ganina, wuri biyu ne. Na farko zolayar da aka yi wa malaman jami'a a wajen taron. A zaure maganganun suna wucewa da gudu, ga karin harshen Sikotland da kunnena bai gama sabawa da shi ba a lokacin, mutane suna dariya ni ina murmushin kara. Sai da na zauna da littafin na gane ba'ar da ake yi wa masu cika magana da manyan kalmomi, har na tuna wasu tarukan da na halarta. Na biyu ya fi muhimmanci, kuma kin ajiye littafin kafin ki kai wurin. Bayan Prudencia ta shiga hannun Shaiɗan, waƙar tana yankewa, magana ta koma zube. Ranar kallo na ji wurin ya yi sanyi, ya yi nauyi, ban san dalili ba. A shafi kuwa da ido za ki ga layukan sun canja siffa, sannan ki ga amsa-amon yana dawowa sannu a hankali yayin da take neman hanyar kuɓuta. Wannan sashen yana da ɗan jan lokaci, ko a zauren na ga masu duba agogo, amma shi ne wanda na fi komawa in sake karantawa.

Ki samu mutum biyu ko uku daga ajinku, ku raba layukan, ku karanta da babbar murya, da sauri, kada ku tsaya duba ƙamus sai kun kai ƙarshen fitowa. Ku koma shafin farko, kada ki ci gaba daga inda kika ajiye. In ya karɓe ki, sai ki gwada Tartuffe, wasan marubucin Faransa Molière da Liz Lochhead ta fassara, shi ma ƙwar biyu ne, sai dai zuwa harshen Scots na mutanen Sikotland ta fassara shi, don haka can kam ƙamus ba zai bar gefenki ba.