Ɗiyata ba ta fara al'ada ba, me za ta yi da allurar sankarar bakin mahaifa?

Tambaya: Daga Argungu nake. Ɗiyata shekararta 9, ko al'ada ba ta fara ba, an ce in kai ta a yi mata allurar HPV. Mahaifinta na tsoron kada ta hana ta haihuwa. Ba a bari sai ta girma?

Amsa: Hajiya, ƙanƙantar tata ita ce dalilin. Ƙwayar cutar HPV ta hanyar saduwa take shiga jiki, ta kwanta a bakin mahaifa shiru, sai bayan shekara 15 zuwa 20 ta iya rikiɗa ta zama sankara. Allurar kariya ce, ba ta fitar da ƙwayar da ta riga ta shiga, don haka ake so a yi ta tun kafin aure. Jikin yarinya 'yar 9 zuwa 14 ma ya fi na babbar mace haɗa garkuwa mai ƙarfi.

Kebbi na cikin jihohin da aka fara da su a Oktoban 2023, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Wadda ake yi, Gardasil, tana tare nau'i huɗu, ciki har da 16 da 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Sau ɗaya ce, rabin mililita, a tsokar dantse.

Batun haihuwa kuwa, ki kwantar wa maigida da hankali. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, ba ta taɓa ƙwan mace ko mahaifa, kuma tun 2006 ake yin ta a duniya, bincike bai nuna tana hana ɗaukar ciki ba. Sankarar ce ke raba mace da mahaifarta, sau da yawa ma da ranta, don sai jini da wari sun yi yawa ake kawo mana ita.

Ta karya kumallo kafin ku fita. Bayan allurar ta zauna minti 15, domin tsoro kan sa wasu 'yan mata jiri, su faɗi su ji rauni. Wurin zai yi tsami ko ɗan kumburi kwana ɗaya ko biyu. A ɗora tsumma mai sanyi, kada a murza, a ba ta farasitamol daidai nauyinta idan jiki ya yi ɗumi. In kika ga fuska ta kumbura ko numfashi na sarƙewa, a koma asibiti nan take. Idan tana fama da zazzaɓi mai zafi, a jira ta warke.

Ke ma, tunda kin je, ki nemi a duba miki bakin mahaifa.