Saƙar safa a zafin Damagaram

Tambaya: Anti, aiki ya maido maigidana Damagaram daga Jos, wallahi ban so tahowa ba, can kullum ina saƙa safa da ulu, nan kuwa zufa ke jiƙa min zaren a hannu. In bari ne?

Amsa: Kar ki bari ƙanwata, rabuwa da gida akwai ciwo, na sani. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, to ki ajiye ulu ki koma zaren auduga, sai dai ba ya miƙewa kamar ulu, ki matse bakin safar sosai. Ki riƙa saƙar bayan asuba a tsakar gida kafin rana ta ɗaga. Disamba da Janairu kuwa sanyin hunturu har ƙashi, masu jego na neman safar jarirai, ki riƙa kai gidan suna, can ma za ki samu ƙawaye.