Tambaya da Amsa: Wace runduna ce ta Jamus ta tare Amurkawa a gaɓar Omaha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa ranar da sojojin ƙawance, wato Amurka da Ingila da abokansu, suka sauka a Nomandi ta ƙasar Faransa, a Yaƙin Duniya na Biyu, wata runduna ta zaratan sojojin Jamus ce ta yi wa Amurkawa ɓarna a gaɓar Omaha, wai kuma atisaye ne ya kai ta wurin, aka yi katari. Wace runduna ce, yaya aka tsara ta, kuma ina ta ƙare? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Omaha dai laƙabi ne da sojojin ƙawance suka sa wa wani yanki na gaɓar tekun Nomandi. Rundunar da kake tambaya ita ce Runduna ta 352 ta sojojin ƙasa na Jamus. Abubuwa biyun da ka ji kuwa, duk suna bukatar gyara. Ba ta zaratan sojoji ba ce, kuma ba katari aka yi ba.

An kafa ta a Nuwamba 1943, a kewayen garin Saint-Lô na ƙasar Faransa. Hafsoshinta da sajojinta yawancinsu ragowar rundunonin da aka daddatse ne a fagen Rasha, musamman Runduna ta 321. Su ne ƙashin bayanta. Sauran kuwa kurata ne, samari 'yan shekara 18 zuwa 19 da ba su taɓa jin ƙarar harsashi a kansu ba. Kwamandanta shi ne Laftanar Janar Dietrich Kraiss, babban hafsan tsare-tsarensa kuma Fritz Ziegelmann, wanda bayan yaƙi ya rubuta wa Amurkawa bayanin abin da ya faru, shi ya sa aka san cikin wannan runduna fiye da takwarorinta da yawa.

Sai ka fahimci tsarinta kafin ka gane abin da ya same ta. A 1939 rundunar sojojin ƙasa ta Jamus tana da mutum wajen 17,000, rejimanti uku, kowace da bataliya uku. Zuwa ƙarshen 1943 Rasha ta cinye mutane, sai aka rage tsarin. Ta 352 tana da mutum wajen 12,700. Rejimantinta uku ne, ta 914 da ta 915 da ta 916, amma kowace bataliya biyu kawai gare ta. Idan ka haɗa da bataliya guda mai saurin tafiya da ke amfani da kekuna, bataliya bakwai ke nan na masu faɗa a ƙasa. Tana da rejimantin igwa, akasarinsu masu bakin milimita 105, da wasu masu 150, sai 'yan motocin yaƙi masu harbin tanka, da bataliyar injiniyoyi masu binne nakiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dawakai ke jan yawancin igwa da kayan abincin irin wannan runduna. Motoci ba su wadata ba, mai ma haka. Runduna ce mai tafiya da ƙafa, da keke, da kofato, ta fuskanci abokin gaba da komai nasa a kan mota yake.

Batun atisaye kuwa, ga asalinsa. Tun Maris 1944 aka matso da ita bakin teku bisa umarnin Rommel, babban kwamandan Jamus mai kula da tsaron gaɓar, wanda ya yi imani cewa in ba a kashe harin a bakin ruwa ba, to ba za a kashe shi ba har abada. Aka ba ta gaɓa mai tsawon sama da kilomita 50, daga bakin kogin Vire zuwa gabashin Arromanches, aka kuma sa wasu bataliyoyi na Rejimanti ta 726 a ƙarƙashinta. Wata kusan uku ke nan tana wurin kafin ranar. Masu leƙen asirin ƙawance ne suka ci gaba da lissafa ta a Saint-Lô, suna zaton bataliya guda ta tsofaffin masu gadin gaɓa za su tarar a Omaha. Da aka sha mamaki, sai labarin atisaye ya zama hanyar bayyana kuskuren, ya kuma bi duniya.

To, ranar 6 ga Yuni 1944. Omaha rairayi ne da tudu mai tsayin mita 30 zuwa 50 ya tsaya a bayansa, hanyar fita da mota kuwa sai ta wasu kwazazzabai guda biyar. A bakin waɗannan kwazazzabai Jamusawa suka gina ramukan kankare, suka saita bindigoginsu ba ga teku ba, sai a tsawon gaɓar, ta yadda duk wanda ya fito daga ruwa wuta za ta same shi ta gefe. Bindigarsu mai sarrafa kanta, MG42, tana zubar da harsashi wajen 1,200 a minti, har sai an riƙa canza mata baki saboda zafi. Can baya kuma, kilomita kaɗan, igwogin Runduna ta 352 sun riga sun auna kowane yanki na rairayin, masu duba musu suna zaune a kan tudu da waya a hannu.

Runduna ta 1 da ta 29 na Amurka suka fara sauka da ƙarfe 6:30 na safe. Jiragen saman da aka sa su rusa ramukan sun jefa bama-bamansu can cikin gonaki, saboda gajimare da tsoron kada su faɗa wa nasu. Tankokin da aka shirya su yi iyo zuwa gaɓa, a bataliya ɗaya an saki 29 cikin teku mai igiya, 27 suka nutse. Haka mutane suka fito ba abin kariya. A wunin nan Amurka ta yi asarar sama da mutum 2,000 a Omaha kaɗai, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace.

Amma duba nan da kyau, Malam, domin a nan ne amsar take. Daga bataliya bakwai na Runduna ta 352, guda ɗaya tak, ta Rejimanti ta 916, ke daidai bayan Omaha da asubar nan. Yawancin waɗanda ke cikin ramukan mutanen Rejimanti ta 726 ne. Rejimanti ta 914 tana yamma wajen Isigny, ɗaya bataliyar ta 916 tana gabas tana fuskantar Turawan Ingila. Ƙarfin da zai iya tura Amurkawa cikin teku shi ne bataliya uku da ke ajiye kusa da Bayeux a hannun Laftanar Kanar Karl Meyer. Tun kafin gari ya waye aka tura su yamma, saboda rahoton cewa sojojin laima sun sauka a wajen Carentan. Suka yi ta tafiya, wasu a keke, wasu a manyan motocin Faransawa da aka ƙwato. Da gari ya waye aka ga inda ainihin harin yake, sai aka ce su juyo. Aka yanke bataliya ɗaya zuwa Colleville a bayan Omaha, sauran aka kora gabas su tare Ingilawa da suka ɓalle ta gaɓar Gold, wadda ke gabas da Omaha. Jiragen sama suna bisa kansu duk tsawon hanya. Ba su isa ba sai da yamma, a gajiye, suka yi kiciɓis da Ingilawa da tankoki. A nan aka kashe Meyer, mutanensa suka tarwatse. Wuni guda cur, ƙarfin da aka tanada ya ƙare a hawa da sauka kan hanya.

A ganina wannan ne kuskuren da ya fi kowane girma, kuma tushensa rahoto ne. Da hantsi, masu kallo daga kan tudu sun ga gawawwaki da jiragen ruwa na cin wuta, sai suka shaida wa hedikwata cewa an tare harin. Ba su ga ƙananan ƙungiyoyin Amurkawa da ke hawa tudun ta tsakanin ramuka ba, inda hayaƙin ciyawa ya rufe su. Kraiss ya gaskata, ya ɗauka Omaha ta gama, ya karkata hankalinsa gabas. A lokacin kuma jiragen ruwan yaƙi sun matso dab da gaɓa suna fasa ramukan ɗaya bayan ɗaya, igwoginsa kuma harsashi na ƙarewa, motocin da za su kawo wani ba sa isowa. Kafin dare Amurkawa wajen 34,000 sun taka ƙasa a Omaha. Runduna ta 352 ta rasa mutum wajen 1,200 a ranar, kuma bambancin shi ne nata ba a maye gurbinsu.

Daga nan sai ja da baya. Bayeux ta faɗi ranar 7 ga Yuni, Isigny ranar 9. Janar Erich Marcks, wanda Kraiss ke ƙarƙashinsa, jirgin sama ya kashe shi ranar 12. Abin da ya tsawaita ran rundunar shi ne yanayin ƙasar Nomandi: ƙananan gonaki, kowace an kewaye ta da tudun ƙasa mai kauri, itatuwa sun tsiro a kansa. Bindiga ɗaya a kusurwar gona tana iya tsayar da kamfanin soja guda, wato mutum sama da ɗari. Da haka suka riƙe arewacin Saint-Lô har garin ya faɗi ranar 18 ga Yuli. Da Amurkawa suka kawo babban farmakinsu ranar 25 ga Yuli, abin da ya rage na rundunar suna ne kawai. An ji wa Kraiss rauni ranar 2 ga Agusta, ya mutu ranar 6.

Lambar ba ta mutu ba, kuma wannan yakan rikita masu karatun tarihin sojan Jamus. A Satumba 1944 aka kafa wata sabuwa a arewacin Jamus da lamba 352, aka cika ta da sojojin ruwa da na sama waɗanda ba su da jirage, ba su kuma san faɗan ƙasa ba, aka ba Erich Schmidt. Ita ce ta shiga farmakin da Jamus ta kai yankin Ardennes, a Beljiyam da Luksambag, ranar 16 ga Disamba, ta haye kogin Our, ta kama Diekirch da Ettelbruck a ƙasar Luksambag. Ranar 22 ga wata Runduna ta 80 ta Amurka, daga sojojin Janar Patton, ta buge ta a gefe tana cikin tafiya, aka mayar da ita baya da asara mai yawa. A Maris 1945 aka ƙarasa tarwatsa ta a yammacin kogin Rhine.

Kada ƙwarewar faɗa ta rufe mana ido ga abin da waɗannan sojojin Jamus ke karewa. Faransa ƙasa ce da aka mamaye, kuma kowane mako da suka ƙara wa mulkin Hitila, jiragen ƙasa na ci gaba da kwasar mutane zuwa sansanonin kisa. Su kansu samarin, da yawa ba su koma gida ba. A ƙauyen La Cambe, cikin yankin da rundunar ta tsare, akwai maƙabartar sojojin Jamus da aka binne sama da mutum 21,000.