Albashina na shiga banki na lashewa, yaya zan fita daga obadiraf?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, albashina N120,000. Bara na karɓi obadiraf (wato bashin da banki ke ba ka damar cire fiye da abin da ke asusunka) na N200,000 a bankin da albashina ke shiga don in biya kuɗin haya. Yanzu duk wata albashi na shigowa sai ya nutse, in sake cira don cefane, ga caji iri-iri da ban gane kansu ba. Wani abokina ya ce in mayar da albashin wani banki in huta. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, shawarar abokin nan ka ajiye ta gefe. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ɗinka ya kwashi bashinsa daga asusunka na kowane banki idan ka ƙi biya, muddin ka sa hannu a kan hakan ranar karɓa. Ga kuma sunanka ya shiga kundin hukumomin da ke ajiye tarihin masu bashi, irin su CRC da FirstCentral, gobe ka nemi rance ko'ina a hana ka.

Abin da ke cinka shi ne obadiraf ba shi da ranar ƙarewa a zuciyar mai shi. Kullum ake lissafa ruwa a kan abin da ake binka a ranar. A ce ruwan kashi 30 cikin ɗari ne a shekara, N200,000 na haifar da kusan N5,000 a wata. Idan wa'adin ya wuce ba a sabunta ba, sai tara ta hau, wadda ƙa'idar caji ta Babban Banki ta 2020 ta ƙayyade kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata na abin da ba a biya ba. Ka ga N2,000 ke nan a kai. Albashi ya shigo ya rage bashin na kwana uku, ka cire, a koma gidan jiya.

Ka je reshenku da kanka, ka karɓi takardar bayanan asusunka tun daga ranar da aka buɗe maka obadiraf, ka ɗauko takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Ka zauna da biro ka bi layi-layi. Kuɗin gudanar da rance sau ɗaya ake cira, kuma bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba. In ka ga yana maimaituwa duk wata, ka ja layi a ƙarƙashinsa. Duk abin da ya saɓa wa yarjejeniya ka rubuta ƙorafi a takarda, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Maganar baki da ma'aikacin banki ba ta zama hujja. In wata guda ya cika shiru, ka kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Babban abin da nake so ka nema dai shi ne a rufe obadiraf ɗin a mayar da shi rance mai wa'adi, a ce wata goma sha biyu, ana cire adadi sananne duk wata. N200,000 a wannan ruwan zai kama kusan N19,500 a wata, sauran albashin naka ne. Ka roƙi a yafe tarar da ta taru. Bankuna kan saurari wanda ya kawo kansa fiye da wanda aka nemo. Kada ka sa hannu sai ka ga an rubuta cewa an soke damar sake cira fiye da abin da ke asusun.

Manhajojin bashi na waya kuwa, kada ka kusance su don cike wannan rami, ruwansu ya fi na bankin zafi nesa ba kusa ba. In akwai ƙungiyar adashi ta ma'aikata a ofishinku mai ba da rance ba ruwa, ka fara tuntuɓarta kafin ka je bankin, don in ka riƙe wani abu a hannu za ka fi samun bakin neman rangwame.