Tambaya da Amsa: Wai ina matan suke a zanen nan na 'yan Aborijin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Don Allah wani zane na gani ana ta yawo da shi a Facebook na 'yan Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, an rubuta wai mata ne da 'ya'yansu suna neman abinci a daji, to ni dai wallahi na zuba ido har na gaji ban ga mace ba ban ga yaro ba, ɗige-ɗige ne kawai kamar zanen atamfa. Ko dai idona ne?
Daga wata mai karatu, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, idonki ƙalau yake. Ke kina neman fuska ne da hannu, su kuma daga sama suke zana abu, yadda shirwa ke hango ƙasa. In mutum ya tanƙwashe ƙafa a kan rairayi ya tashi wace alama zai bari? Wani abu mai kama da harafin U. To duk U ɗin da kika gani mutum ne a zaune. In akwai ɗan layi a gefensa sandar tono ce, kamar dagi sai dai icce ne zalla, in kuma da wani zagaye mai ɗan tsawo to akushi ne da suke kira coolamon, a ciki ake zuba abin da aka samo kuma a ciki ake kwantar da jariri. U mai sanda da akushi mace ce kenan. Zagaye cikin zagaye kuwa zango ne ko wurin ruwa.

Abin da suke nema: doyar daji, tumatirin daji, damo, wata farar tsutsa mai ƙiba da ke cikin saiwar itace, da wata tururuwa da cikinta ke kumbura da zuma kamar ɗan magarya, sai an yi haƙa mai zurfi kafin a kai gare ta. Kar ki yatsine fuska, mu ma muna soya fara da yaji.

Labarin zanen ya tsufa, a rairayi da jikin mutum ake yi tun kaka da kakanni, amma na fenti ɗin nan da ake sayarwa a 1971 ya fara a Papunya, wani ƙauye a hamadar tsakiyar Ostireliya, lokacin da wani malamin makaranta Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa, suka zana labarin tururuwar zuman a bangon makarantar. Maza ne suka fara, mata sai daga baya.

Ni a cikin matan masu zane wadda ta fi burge ni ita ce Emily Kame Kngwarreye ta yankin Utopia, arewa maso gabas da garin Alice Springs. Baiwar Allah ba ta fara zane a kan kyalle da fenti ba sai 1988 tana dab da shekara 80, kafin ta rasu a 1996 ta yi wajen 3,000. Sunan nata ma, Kame, yana nufin ƙwayar irin doyar daji. Akwai wani nata na 1995 mai faɗin mita 8 a gidan adana zane na Melbourne, farin layi ne birjik a kan baƙi, saiwar doya ce ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, abin da sai wadda ta yi shekaru tana bin tsagewar ƙasa da sanda za ta iya gani. Wani zanen nata an saye shi dalar Ostireliya miliyan 2.1 a 2017.

Kuma fa ba kowa ke zana abin da ya ga dama ba, labarin doya ko tururuwa gado ne tare da ƙasar da yake cikinta, ba ka taɓa na wani gida sai da izini. Ɗige-ɗigen ma wani lokacin rufa asiri ne, ana lulluɓe abin da bai kamata bare ya gani ba.

Ki koma kan hoton ki ƙirga U nawa ne suka kewaye zagayen, ƙananan su ne yaran.