Wani mu hana shi jan numfashi, wani mu ce ya fitar da shi duka

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa ƙirji ɗaya ne, na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki ɗaya ce, amma wani mu yi masa allurar ruwan aidin mu hana shi jan dogon numfashi, wani kuma mu ɗauke shi sau biyu ba allura. Abin da likita ke nema ne ya bambanta.

Na'urar nan ba ta san jini ba, ba ta san huhu ba, kauri kawai take aunawa. A ma'aunin Hounsfield, mutumin Ingilan da ya ƙera ta har aka fara ɗaukar majiyyaci da ita a 1971, ruwa sifili ne, iska kuwa 1000 ƙasa da sifili. Shi ya sa hanyoyin iska ke fitowa baƙi ƙirin ba tare da an taimaka musu ba. Jini kuwa wajen 40 yake, kuma gudan jini bai yi masa nisa ba. To idan guda ya toshe jijiyar huhu, yaya za ka gane shi? Sai ka haskaka jinin da ke kewaye da shi: jijiya ta yi fari fat, gudan ya fito da duhunsa a tsakiya.

Sai dai aidin ba ya jiran kowa. Bayan ka duba sakamakon gwajin ƙoda, ka kuma tambayi mutum ko ruwan ya taɓa ba shi matsala, za ka tura mililita 4 zuwa 5 a kowace daƙiƙa ta kanula, wato siririn bututun da ake sawa a jijiya, lamba 18 ko 20 a gwiwar hannu. Alamar da ka sa wa na'ura a hoto don ta riƙa auna isowar aidin tana kan babbar jijiyar da ta fito daga zuciya zuwa huhu. Da ma'aunin wurin ya kai wajen 100, na'ura ta tashi. A nan ne sababbin hannu ke ɓata aiki, su ce "ja numfashi sosai!" Yana ja, ƙirji ya zuƙo jinin ƙasan jiki wanda babu aidin a cikinsa, ya tsinka wanda ka zuba. Hoto ya fito dishi-dishi, likita ya kasa cewa akwai guda ko babu, mutum ya sha hasken na'ura a banza. Ce masa ya tsayar da numfashi a inda yake, kada ya yi yunƙuri. Ku gwada tare kafin allura, kuma ka gaya masa zai ji ɗumi ya bi jikinsa kamar fitsari ya kufce masa, don kada ya zabura.

Na hanyoyin iska kuwa, wanda ba allura, a ɗauka ta farko cika huhu muke so, da yanka siriri kamar milimita 1. Idan bututun iska ya fi jijiyar da ke gefensa faɗi, ya buɗe fiye da kima ke nan. Ɗauka ta biyu, bayan ya fitar da iska, ita ke tona maƙogwaron da ke lotsewa, da ɓangaren huhun da iska ta maƙale a ciki: ko'ina ya yi toka-toka, shi yana nan baƙi.

Kuma kada ka yarda don ya ce ya fitar. Dubi maƙogwaron a hoton. In bangonsa na baya ya miƙe ko ya lotsa ciki, ya fitar. In yana nan zagaye kamar na farko, koya masa kuma ka sake ɗaukar wannan ɓangaren.